Inda Ƙafa Ba Ta Taɓa Ƙasa

Ɗakin da ejan da ya kama mana haya ya rantse mana cewa yana jikin katangar makaranta, sai da muka shiga mota biyu daga makarantar kafin muka same shi. A hawa na shida yake, cikin wani tsohon bene a bayan kasuwar kayan miya, a wata unguwar Alkahira da direban tasi ma sai da ya tsaya tambaya. Akwai lifta, amma an ɗaure ƙofarta da waya, kuma mai gadin gidan ya ce tun kafin ya kama aiki haka take. Ranar da muka iso lambar ejan ta shiga, ya ce mu yi haƙuri zuwa jibi. Daga ranar ba ta sake shiga ba.

Mu biyu ne a ɗakin. Ni Mannir, daga wani ƙauye tsakanin Faskari da Sabuwa, na zo karatun aikin jinya. Sai Sada, ɗan Kankara, mai karatun haɗa magunguna, wanda ban taɓa gani ba sai a filin jirgi. Sada ko abinci ba ya iya ci shiru. Kafin mako ya zagayo ya san mai burodi, ya san wanzami, ya san wanda ke sayar da barkono mai kama da namu. Ni abin da na sani a makon nan shi ne matakalar gidan ɗari da takwas ce, kuma ta arba'in da ɗaya ta fashe a baki. Larabcin da na zo da shi na littafi ne. In na shiga shago na nemi sabulu, sai mai shagon ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji yadda ake karanta labarai a rediyo. Sai na rage shiga shago.

Haka na yi kusan shekara biyu: aji, ɗaki, masallaci. Ban san garin ba, shi ma bai san ni ba, kuma hakan bai dame ni ba.

A ƙarshen shekara ta biyu na faɗi. Tukunyar gas na ɗauko a kafaɗa, takalmina ya zame a hawa na huɗu, ƙafar dama ta tsaya inda take, jikina ya juya. Na ji ƙarar a cikin kunnena kafin in ji zafin. A asibiti suka ce jijiyar gwiwa ta tsinke, gurunguntsin ma ya yage. Aka yi mini aiki, na kwana uku, aka sallame ni.

Sada da mai gadi ne suka hau da ni, a kan kujerar roba. A kowane hawa sai sun ajiye ni sun huta.

"Wallahi Mannir," in ji Sada yana haki, "ga ka siriri kamar karan dawa, amma nauyin buhun masara gare ka. Halan littattafan da ka haddace ne?"

"Sannu," na ce.

"Sannu ba ta hawa bene. Ka dai yi addu'a kar gobara ta tashi, don ba mai sauko da kai."

Wasa yake yi, amma maganar ta zauna mini. Mako shida ban taka ƙofar gidan ba. Tagar ɗakinmu bango take kallo, bangon wani benen, kusa har ina iya ƙirga layin bulo. Rana tana shigowa na ɗan lokaci kafin azahar, ta faɗa kan tabarmar salla, ta tafi. Ina jin kiran salla daga masallatai huɗu, kowanne da nasa lokacin, in yi tawa a zaune kamar tsoho. Sada ya tafi makaranta da safe, ya bar mini ruwa a buta da burodi a leda. In ya rufe ƙofa ina bin ƙarar takalminsa har ta ɓace a wajen hawa na uku.

A mako na biyar ya dawo da takarda daga makaranta. 'Yan ajinmu za su fara zuwa asibiti koyon aiki bayan wata biyu. Duk wanda ya yi rashin lafiya sai ya kawo shaidar likita cewa zai iya tsayuwa da tafiya a ɗakin marasa lafiya. Wanda bai kawo ba a ranar, zai jira shekara mai zuwa ya bi 'yan bayansa.

Na karanta ta sau uku. Mutanen ƙauyenmu sun watse tun kafin in taho, bayan 'yan bindiga sun shiga karo na biyu. Inna da ƙannena mata uku suna cikin garin Faskari, a ɗaki ɗaya a gidan Kawu Lawal, ƙanenta. Gonar da Baba ya bar mana ba mai zuwa. Abin da kowa ke jira shi ne in gama, in sami aiki, in kama musu wuri nasu. Saura shekara biyu. Kowa a gidan ya san wannan lissafin, har ƙaramar cikinsu. Ban gaya musu na faɗi ba.

Likitar ƙashin da ke duba ni mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da yawan magana. Ta lanƙwasa gwiwar, ta miƙe ta, ta ce ta sandare.

"Tana son motsi, amma ba ta son nauyi," ta ce. "Za ka shiga ruwa mai zurfi, sau uku a mako. Wurin da ƙafarka ba za ta taɓa ƙasa ba. Ka iya iyo?"

"A'a."

"Ba komai. Za a ɗaura maka abin da zai riƙe ka."

Na ce to.

Kwana uku na yi ina karatu a kan abin a wayata. Na sami sabon littafin rubutu na jera dokokin: jiki a tsaye, kai a sama, kafaɗu a sake, a ɗaga gwiwa kamar mai gudu, hannu yana tura ruwa baya, numfashi a hankali, a fara da minti goma. Na zana ɗan mutum a cikin ruwa na sa masa kibiyoyi. Na aro tef ɗin awo wurin telan da ke ƙasan gidan, ta hannun Sada, don in riƙa auna kaurin gwiwar safe da yamma. A takarda na gama iya abin.

Saukowa daga ɗaki kuwa da mazaunai nake yi, mataki ɗaya ɗaya, sanduna a cinya. Wata mata a hawa na uku ta buɗe ƙofa ran farko ta gan ni a ƙasa, ta rufe. Kashegari na tarar da ƙaramar kujera a bakin ƙofarta, da kofin ruwa a kai an rufe shi da faranti. Har na daina sauka a zaune ban taɓa jin muryarta ba, kujerar kuma ba ta taɓa fashi ba.

Kwamin ninƙayar a ƙarƙashin ƙasa yake, a wani gidan wasanni, tafiyar mota ɗaya daga gidanmu. Ɗumi da warin maganin ruwa ne suka fara tarbata. Lokacin maza ƙarfe tara na safe ne, kuma duk wanda na gani a ciki ya haife ni. Tsofaffi ne wajen goma, masu tumbi da furfura a ƙirji, kawunansu kawai a saman ruwa, suna ta gardamar ƙwallo. Tun da na yi wayo ban taɓa tuɓe riga a gaban babba ba, ban kuma taɓa ganin babba a tuɓe ba. Na rasa inda zan sa idona. Na zo da dogon wando da riga mai dogon hannu, na tsaya a haka.

Mai koyarwar, wanda kowa ke kira Kaftin Magdi, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ɗaurin aure ka zo?"

Tsofaffin suka kwashe da dariya. Ya ce kayan nan za su sha ruwa su ja ni ƙasa. Da kyar muka daidaita a kan wando mai wuce gwiwa da 'yar singileti. Ya ɗaura mini wata ɗamara mai faɗi ta soso mai tauri a ƙugu, ya ja ta har sai da na ji ta a haƙarƙari. Ya nuna mini tsanin ƙarfe da ke ɓangaren zurfi.

Ni na san ruwa, amma irin namu. Tsakanin ƙauyenmu da hanyar kasuwa akwai rafi da ke cika da damina, ya zama ja kamar kunun kanwa, ya taho da rassa da karan gero. Tun ina ɗan shekara bakwai Baba, Allah ya jiƙansa, ya koya mini ƙetare shi. Ka fuskanci inda ruwan ke fitowa. Ka ja ƙafa a ƙasa, kar ka ɗaga. Ɗaya ba ta motsi sai ɗayar ta kama. In ka ji ba ƙasa, koma baya, ko da kasuwar za ta tashi. Duk wanda rafin ya ci a tarihin garinmu, bayaninsa ɗaya ne: ƙafarsa ta bar ƙasa. Ba ma wanka a ciki, ba ma wasa a ciki. Ƙetarewa kawai muke yi.

Na sauka tsanin, mataki na ɗaya, na biyu, na uku. Na huɗu babu. Ƙafata ta tafi neman sa, yatsuna suka miƙe ƙasa, jikina ya sandare kamar itace, sai ɗamarar ta tura ƙuguna sama, fuskata ta kifa. Na sha ruwa ta hanci. Ban san lokacin da na cafki bakin kwamin ba, har farcena ya karye.

Wani tsoho mai gashin baki fari ya matso kusa da ni, yana tafe a cikin ruwan kamar mai zagaya tsakar gidansa.

"Ɗana, me kake nema a ƙasa? Takalminka ya faɗa?"

Sunansa Fathi, tsohon direban jirgin ƙasa ne, bayansa ke ciwo. Ban iya kiran sunansa haka kawai ba, sai na ce Baba Fathi, abin ya ba shi dariya ya kuma karɓa. Ranar minti goman duka a jikin bango na yi su, hannu biyu a kan tayil, ina motsa ƙafa kamar yadda aka ce. Ruwan yana danne mini ƙirji. Na rubuta a littafi da na koma: gwiwa ba ta yi ciwo a ciki ba ko kaɗan. A ƙasan wannan na rubuta: ban saki bango ba.

Bayan kowane zama Kaftin yana tsayawa a bakin ruwa da allon rubutunsa, ya tambayi kowa ciwonsa, daga sifili zuwa goma. Tsofaffin nan gasa suke yi.

"Takwas!"

"Takwas me? Ni tara, kuma tun jiya ban runtsa ba."

"Rubuta mini sha biyu," in ji Baba Fathi, "goma ta bayana, biyu ta matata."

Da ya zo kaina na ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi."

"Lamba nake so."

"Ɗaya."

A wurinmu ba a amsa wannan tambayar da wani abu daban. Wanda ya zo duba ka ya taka ƙafarsa ya zo, ba za ka ɗora masa nauyin ciwonka ba. Babba ya tambaye ka jiki, ka ce da sauƙi. Baba da safiyar ranar da ya rasu liman ya shigo ya ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Kaftin ya girme ni, yana wahala a kaina, ga dattawa goma suna saurare. Bakina bai san hanyar wata amsar ba.

Amma akwai wani dalilin, kuma tun da na ɗauki alƙalami gara in faɗe shi. Na lura cewa masu faɗin ƙaramar lamba ana mayar da su ɗaya ɓangaren kwamin, inda ruwa ke tsayawa a ƙirji, mutum yana taka tayil da ƙafarsa. Kullum ina maƙale da bango ina hangen su. Ba abin da nake so a duniya kamar in koma can.

Gaskiyar lambar a lokacin uku ce ko huɗu, kuma ba ruwan ke jawo ta ba, matakala ce. Na ci gaba da cewa ɗaya. Bayan mako biyu Kaftin ya duba allonsa ya ce, "Kai jikinka na da kyau, yaro. Cire ɗamarar, koma can."

Ba zan manta yadda tafin ƙafata ya ji tayil ɗin nan ba. Na ja ƙafa a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, numfashina ya dawo daidai. A can aka sa ni tafiya gaba da baya, da tsugunno rabi, da hawa wani ɗan akwati da ke cikin ruwan. Kowane tsugunno kamar ana soka mini allura a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Kaftin ya tambaya, na ce ɗaya. Ya ƙara mini yawan hawan akwatin.

Littafina dai bai yi ƙarya ba. Kaurin gwiwar da ya sauko zuwa santimita talatin da takwas ya koma arba'in, ya koma arba'in da biyu. Ina aunawa, ina rubutawa da kyakkyawan rubutu, ina ja masa layi da rula, in rufe littafin in sa ƙarƙashin katifa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci Sada ya shigo ya same ni da tef a hannu.

"Mi zan gani haka? Wannan gwiwa ce ko kabewa?"

"Za ta sauka."

"Ka gaya ma Kaftin ɗin naka?"

Na naɗe tef ɗin.

"Mannir, da kai nake. Mi kake ce mashi in ya tambaye ka?"

"Ina cewa da sauƙi."

Ya zauna a bakin katifarsa ya dafe kai. "Kai jama'a. Surukinka ne? Ɗiyarshi kake nema? Mutum aikinshi ke nan, ya tambaya ka faɗa mashi. Kai fa jinya kake karantawa. Gobe in maras lafiya ya yi maka haka, ya za ka ji?"

"Saura mako huɗu, Sada. In na ce tana ciwo, baya zai mayar da ni."

"To ka zauna. In ta fashe ka auna ta da tef."

Bai sake yi mini magana ba sai da ya dafa taliya, ya turo mini kwanon da ƙafa.

Ran Litinin a ɗakin canza kaya wandona ya ƙi wuce gwiwar. Ina ta fama a kusurwa, na juya wa mutane baya, sai na ji hannu a kafaɗata. Baba Fathi ne, da tawul a wuya. Ya dubi ƙafar, ya ɗaga murya ya kira Kaftin.

Kaftin ya durƙusa a gabana, babban mutum, ya danna gefen gwiwar da yatsa biyu. Na ja numfashi ta haƙora.

"Tun yaushe?"

Na ciro littafin, wanda na sako a jaka da safen nan, na miƙa masa. Ba ya jin Hausa, amma lambobi ba sa bukatar tafinta. Ya bi su da yatsa har ƙasa. Ya buɗe allonsa ya ajiye kusa da littafin: ɗaya, ɗaya, ɗaya, ɗaya.

Na ɗauka zai yi faɗa. Muryarsa ƙasa ta yi.

"Shekara ashirin ina wannan aikin. Ni ba na ganin cikin gwiwarka, abin da ka faɗa mini da shi nake aiki. Ka sa na cuce ka da hannuna."

Duk abin da na yi don kar in ɗora masa nauyi ne, ga shi na ɗora masa wanda ya fi. Na ce ya yi haƙuri, da Larabcina na rediyo, ba wanda ya yi dariya.

Likita ta zuƙe ruwan gwiwar da sirinji, ta hana ni komai na mako guda. Na koma kallon bulo. Da na dawo kwamin saura mako uku, kuma Kaftin da kansa ya ɗaura mini ɗamarar ya nuna tsanin zurfi.

"Nan za ka zauna har sai na ce. Kuma yau ba bango."

Na sauka. Mataki na uku, sannan babu. Yatsuna suka fara neman ƙasa. Baba Fathi ya zo ya tsaya a gabana, kusa har ina ganin ɗigon ruwa a gashin bakinsa.

"Dube ni nan. Ni direba ne, kai fasinja. Mun tashi daga Alkahira, za mu kudu. Ɗaga gwiwa. Ɗaya. Ɗayar. Hannu kamar kana ture labule. Giza ke nan, ba ma tsayawa."

Yana ja da baya, ina bin sa. Ya kira tasha bayan tasha, yana ba ni labarin kowacce: inda ake sayar da rake mai zaƙi, inda saniya ta taɓa tsayar da shi awa biyu. Na sha ruwa sau biyu. Ban kifa ba, domin duk lokacin da na sunkuyar da kai sai ya daka mini tsawa in dube shi. Da muka kai ɗaya bangon ya ce mun iso, fasinja su sauka.

Zama na gaba ya ce shi ya gaji da tuƙi. "Yau kai za ka kai ni garinku. Daga ina za mu tashi?"

"Sabuwa," na ce.

"Sa-bu-wa. Me ake ci a can?"

Na ce masara, da rake, da doya kaɗan. Na kai shi Dandume, na kai shi Funtua ya sha fura, muka juyo ta Daudawa na nuna masa gonakin auduga, muka shiga Faskari, muka wuce Kankara ranar kasuwa don ya ga shanu. Yana maimaita sunayen yana ɓata su, ina gyara masa. Tun da na zo ƙasar ban taɓa yin magana mai tsawon wannan ba. Sai da Kaftin ya busa usur na ga muna tsakiyar kwamin, bango ya yi nisa ta kowane gefe, ƙafafuna suna juyawa da kansu, kuma na yi minti ashirin.

"Wata rana ka kai ni da gaske," in ji Baba Fathi.

Na ce in sha Allahu. Ban gaya masa cewa wasu hanyoyin da muka bi yanzu ba mai bin su bayan la'asar ba.

Daga nan na fara faɗin lambar gaskiya. Ran farko da na ce huɗu, tsofaffin suka yi mini tafi, ɗaya ya ce yaro ya fara girma. Gwiwar ta sauka zuwa talatin da tara. Tana lanƙwasuwa fiye da da. Na ajiye sanda ɗaya. Amma in na tsaya minti goma sha biyar a kan busasshiyar ƙasa, sai ta fara zafi tana rawa. Mako ukun da na ɓatar ba su dawo ba.

Ranar komawa wurin likita Sada ya raka ni. A cikin mota ya matso kusa da kunnena.

"To Malam, yau ce ranar da halinka zai yi amfani. In ta tambaya ka ce da sauƙi, ka amshi takardarka mu tahi. Sauran a gyara a hankali."

"Kai ne fa ka ce in riƙa faɗin gaskiya."

"Na ce ka faɗa ma mai ruwa. Wannan mai takarda ce."

Likita ta sa na yi tafiya zuwa ƙofa na dawo. Ta sa na tsaya da ƙafa ɗaya, na tsaya, na cije. Ta sa na tsuguna rabi. Takardar makarantar tana kan teburinta, ta riga ta cike sunana, wurin sa hannu kawai ya rage.

"Aikin ɗakin marasa lafiya tsayuwar awa takwas ce," ta ce, "da ɗaga mutane, da gudu in an kira. Hoton da na ɗauka bai nuna mini ciwo ba, kai za ka faɗa mini. In ka ce za ka iya, zan sa hannu. In ta sake kumbura kamar wancan karon, sai wani aikin, kuma ban yi maka alkawarin za ka sake tafiya daidai ba. Yanzu da ka tsuguna, nawa?"

Sada yana bayanta yana ɗaga mini yatsa ɗaya. Na tuna ɗakin gidan Kawu Lawal, da yadda suke jera tabarmi huɗu a ciki. Na kuma tuna cewa gurgun ma'aikacin jinya ba zai fitar da kowa daga ɗakin nan ba, ko bana ko baɗi.

"Shida," na ce.

Ta ɗauke takardar ta sa a aljihun tebur, ta jawo wata ta rubuta: wata biyu a ruwa mai zurfi, sannan a sake dubawa.

A ofishin ɗalibai baƙi ma'aikacin bai ɗago kai ba. Ya karanta, ya buga hatimi, ya ce in dawo farkon shekara mai zuwa in yi rajista da 'yan bayana. Takardar likitar za ta isa a sabunta mini izinin zama. Abin bai ɗauki minti biyar ba. A bakin ƙofa muka ci karo da 'yan ajinmu sun karɓo fararen rigunansu a leda. Sada ya ja ni ta wata hanyar. Har muka isa gida bai yi wasa ko ɗaya ba, kuma a matakala ya riƙe mini sandar, yana bina a baya.

Kwana biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Ran na uku da hantsi na kira lambar Kawu Lawal, muka gaisa, na ce ya ba Inna. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma tambayata abu kai tsaye. Ta tambayi karatu, ta tambayi abokin zamana. Na ce Inna akwai magana. Na faɗa mata tun daga tukunyar gas har zuwa hatimin, ban rage komai ba.

Ba ta yi salati ba, ba ta katse ni ba.

"Uwar abokin naka ta aiko mani tun kana kwance," ta ce. "Wata mai kai kuka kasuwar Kankara ta kawo saƙon."

"Inna, ba ki ce komai ba."

"Kai ka ce wani abu?"

Ina jin kukan akuya a bayanta, da muryar matar Kawu tana yi wa wani faɗa.

"Ƙafar za ta taku?"

"Likita ta ce za ta taku, in na bi a hankali."

"To a bi a hankali. Yanzu saura shekara nawa ke nan?"

"Uku."

"Uku," ta ce.

Ban sani ba ko ta manta wayar na kunne, ko ta ɗauka na kashe. Na ji ta kira Hadiza, mai bi mini. Tun ranar da suka baro ƙauye, kwanukanta na aure da tukwanenta da labulen ɗakinta suna ɗaure cikin buhu biyu a bayan ƙofa. Ta hana kowa taɓawa, da tukunyar matar Kawu take girki, ta ce ba za ta baje kayanta a gidan ƙanenta ba, sai a nata.

"Hadiza," na ji ta ce, muryarta daidai kamar mai aiken gishiri. "Ɗauko wuƙa ki yanke igiyar buhunan nan. Ki wanke tukwanen, ki nemi ƙusa ki kafa labulen."